Tana karatu har ta yi gyangyaɗi, amma maki bai nuna ba: yaya kuke yi wa yaranku bita?

Uwar 'yan biyu:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Jarrabawar ƙarshen zango ta ƙarato, ni kuma wani abu ya ɗaure mini kai. 'Yan biyuna shekararsu 11, ajinsu ɗaya, malaminsu ɗaya. Macen kullum da dare tana rungume da littafinta, ta karanta ta maimaita har ta fara gyangyaɗi, ta ja layi da maka mai launi ƙarƙashin kusan kowace jimla. Namijin da ƙyar yake zama, yana karanta shafi ɗaya ya rufe ya fara surutu shi kaɗai kamar mai wa'azi. In sakamako ya fito shi ne a gaba. Ita kuma ta dawo tana cewa, "Wallahi Mama na sani, ina shiga ɗakin kaina ya ɗauke." Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mini abin da ya yi.

Malamin kimiyya a sakandare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Surutun nan da ɗanki yake yi shi ne bitar, kada ki hana shi. Abin da ke damun 'yar'uwarsa kuwa ina ganinsa a kowane aji da na koyar. In yaro ya karanta shafi sau huɗu, idonsa ya saba da shi, da ya hango layi sai ya ji ai ya san wannan. Gane abu in an gan shi daban, fito da shi daga ka babu littafi daban, kuma na biyun ake nema ranar jarrabawa.

An gwada wannan a zahiri. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a gajerun rubuce-rubuce. Wasu aka sa su yi ta maimaita karantawa, wasu kuma bayan sun karanta aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda sai reshe ya juya da mujiya, masu rubutawa daga ka suka wuce su nesa. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu maimaita karatun su suka fi sakankancewa cewa za su tuna.

Ga yadda nake sa ɗalibaina. A karanta darasi ɗaya, a ce sassan zuciya. A rufe littafi, a kife shi. A ɗauki farar takarda a zana zuciyar, a rubuta ɗakunanta huɗu da hanyar da jini yake bi. In an ƙare sai a buɗe littafi, a ɗauki jan biro a cike abin da aka manta. Wannan jan rubutun shi ne karatun gobe, ba dukkan shafin ba.

Baban yara uku:
Malam ya yi gaskiya, amma Hajiya ki shirya, ranar farko ba daɗi. Da na karɓe littafin babban ɗana na ce ya rubuta, layi uku ya iya, ya zauna yana kallon takarda idonsa ya ciko. Yaron da yake ganin ya gama karatu, ka nuna masa bai fara ba, dole ransa ya ɓaci. Abin da ya taimaka shi ne na daina zama a gabansa kamar mai sa ido a jarrabawa. Na ce masa ni ban san darasin ba, ya koya mini. Kuma gaskiya ne, rabona da labarin ƙasa tun ina ajinsu. Ina riƙe da littafin, shi yana bayanin yadda ruwa ke tashi sama ya zama girgije ya sauko, ni ina ta "to daga nan sai me?" da "me ya sa?" In ya yi tuntuɓe ba na faɗa masa amsa nan take, sai na ƙirga goma a zuciyata. Sau da yawa kafin in kai goma ta faɗo masa. Iyayen da suke cewa ba su yi karatu mai zurfi ba don haka ba za su iya taimakawa ba, riƙe littafi da tambaya kawai ake nema.

Malamar firamare:
'Yar'uwa, kafin komai ki zauna ki duba littafin nata shafi-shafi. Mutane suna maganar dabarun bita sun manta cewa abin da ake bitar kansa yana iya zama gurgu. Yaro yana kwafa daga allo, malami ya goge kafin ya gama, ya bar fili da niyyar zai cike, har zango ya ƙare bai cike ba. Ranar da bai zo makaranta ba babu ita a littafin gaba ɗaya. Na taɓa ganin yarinyar da ta tsallake layi guda wajen kwafa, jimlar farko ta haɗu da ta uku, ta haddace abin haka nan, kuma haka ta zuba mini shi a takardar jarrabawa, ba ma'ana ko kaɗan. Ki aro littafin wata 'yar ajinsu mai tsaftar rubutu, a jera su biyu a gwada, a cike giɓi tun yanzu. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Bayan nan ga wata dabara da nake koya wa 'yan aji biyar da shida. A ja layi a gefen hagu na kowane shafi, faɗin yatsu uku. A cikin wannan filin yaro zai rubuta tambaya daidai inda amsarta take. In shafin ya ce tsiro yana buƙatar hasken rana da ruwa da iska don ya haɗa abincinsa, a gefe sai ya rubuta, "Me tsiro yake buƙata?" Lokacin bita ya rufe ɓangaren dama da kwali, ya bi tambayoyin. Wani malami a Jami'ar Cornell, Walter Pauk, shi ya tsara wannan salo tun shekarun 1950 don manyan ɗalibai, amma yara suna kama shi da wuri. Kuma rubuta tambayar da kansa rabin karatu ne, domin sai ya fahimci abin da layin yake faɗa kafin ya san me zai tambaya.

Uwar 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malama, na duba, na sami darussa biyu da babu su sam. To makar fa? In karɓe?

Malamin kimiyya a sakandare:
Ba sai kin karɓe ba Hajiya, ki sa mata doka: layi biyu kacal a shafi, kuma sai ta gama karanta shafin za ta zaɓa. A 2013 wani masani mai suna Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu guda 10. Jan layi da maimaita karatu suna cikin waɗanda suka sami ƙaramin matsayi, gwada kai da rarraba bita a kan kwanaki su biyu ne suka zo a sama.

Yayar auta, ɗaliba a jami'a:
Maganar rarrabawar nan ita na zo da ita. Ƙanina yakan yi bitar darasi yau ya iya tsaf, bayan kwana goma ka tambaye shi kamar bai taɓa ji ba. Mama har ta fara cewa ba shi da ƙwaƙwalwa. Ba haka ba ne, kowa haka yake. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa da wasu gaɓoɓi marasa ma'ana da ya haddace, ya ga mantuwa tana da sauri sosai a sa'o'in farko da ranar farko, sannan ta lafa. Kuma abin da aka koma masa bayan an ɗan bar shi ya fi zama.

Na yanka masa kwali ƙanana, tambaya a gaba amsa a baya, na samo ambulan uku. Ta farko kullum ake buɗe ta, ta biyu bayan kwana uku, ta uku sau ɗaya a mako. Katin da ya amsa daidai ya ƙara gaba, wanda ya faɗi ya koma ta farko ko da daga ta uku yake. Ba ni na ƙirƙiro ba, tsarin Sebastian Leitner ne, shi da akwati ya yi nasa. Yaron ya mayar da abin gasa, in kati ya koma baya har tsaki yake yi. Shawara ɗaya: shi zai rubuta katunan da hannunsa, kuma kati ɗaya tambaya ɗaya. In aka cusa rabin shafi a bayan kati an koma gidan jiya.

Kakan jikoki:
Ni dai 'ya'yana ina jin ku da katuna da ambulan. Mu a zamaninmu hadda muka yi, jadawalin sau har 12 muka rera shi, kuma yau ko cikin barci aka tashe ni zan kawo shi. Kada a raina hadda.

Malamin lissafi:
Baba, ba wanda ya isa ya raina ta. Ai ku ba kallon allo kawai kuka yi ba, an sa kun juya masa baya an ce ku kawo, gobe ma a ce ku kawo, wata mai zuwa ma haka. Abin da ake ta faɗa a sama ke nan. Jadawalin sau da ƙa'idoji dole a haddace su.

Inda hadda take gazawa shi ne aikin lissafin kansa. Lissafi ba a karanta shi, yin sa ake yi. Yaro zai bi misalin da malami ya warware a littafi yana gyaɗa kai, kowane mataki ya yi masa daidai. Rufe misalin ka ba shi 1/2 + 1/3, sai ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya rubuta maka 2/5. Amsar 5/6 ce, kuma jiya ya gan ta da idonsa. Ni nakan tambaye shi: rabi kaɗai da 2/5 wanne ya fi yawa? To yaya ka ƙara wa rabi wani abu ya ragu? Nan yake tsayawa ya yi tunani.

Sannan a daina ba yaro tambaya ashirin iri ɗaya a jere. Daga ta uku ya daina tunani, hannunsa kawai ke tafiya. A gauraya masa: ɗaya ta rabawa, ɗaya ta kaso cikin ɗari, ɗaya ta faɗin fili. Zai fi yin kuskure a gida, zai yi ƙorafi, amma takardar jarrabawa a gauraye take zuwa, kuma ba ta faɗa masa wace hanya zai bi.

Ma'aikaciyar jinya, uwar yara huɗu:
Hajiya kin ce har gyangyaɗi take yi, nan na tsaya. Likitocin barci na Amurka sun ba da shawarar awa 9 zuwa 12 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga ɗan 13 zuwa 18. Cikin barci ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana. A gidana makon jarrabawa lokacin kwanciya ba ya canjawa. Su yi karatun minti ashirin zuwa talatin su tashi su miƙe ƙafa su dawo, zama biyu ko uku, a rufe.

Baban 'yar aji uku na sakandare:
Tawa matsalar daban ce, ko wani zai amfana. Yarinyata ta san karatun, lokaci ne yake ƙare mata. Na karɓo tambayoyin shekarun baya daga wajen malaminsu, ranar hutu na ajiye agogo a kan tebur na ba ta daidai lokacin da aka rubuta a saman takardar. Ina zaune a gefe na ga abin da take yi: an ce a amsa uku cikin biyar, ita ta fara daga ta ɗaya tana niyyar gama duka, kuma ta ɓata kusan rabin lokacin a tambaya mai maki biyar alhali mai maki ashirin tana jiranta a bayan takarda. Yanzu minti biyar na farko ba ta taɓa biro. Ta karanta umarnin, ta juya takardar gaba da baya, ta sa alama a kan ukun da za ta amsa, ta rubuta a gefen kowacce ƙarfe nawa za ta bar ta.