Yaya zan taimaki ɗana ya riƙe kalmomin Turancin da ake ba shi ya koya a gida?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara shida, yana aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna. Tun farkon wannan zango malamarsu take aiko da takarda mai ɗauke da kalmomin Turanci goma a kowane mako, irin su "the", "said", "was", "you" da "come", waɗanda ake son yaro ya gane da kallo ɗaya ba tare da ya tsaya haɗa baƙi ba. Kullum bayan sallar magariba nakan zaunar da shi mu bi takardar daga sama har ƙasa, yana kuma karanta ta babu gargada, amma da zarar ya tarar da kalmar a cikin littafinsa sai ya yi turus kamar bai taɓa ganinta ba. Ina neman shawarar malamai da iyaye, domin na fara yi masa faɗa, alhali na san faɗan ba zai gyara komai ba.

Malamar Aji Biyu:
Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Ina kyautata zaton jerin ya haddace, ba kalmomin ba, kamar ɗan makarantar allo da yake biya sura da ka, amma idan aka ɗora yatsa a tsakiyar allon aka ce ya karanta daga nan sai ya koma farko. Ki yanka tsohon kwali gunduwa-gunduwa, ki rubuta kowace kalma ita kaɗai da manyan baƙaƙe masu fita sosai, ki cakuɗa su, sannan ki riƙa zaro masa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne za ki san abin da ya iya da gaske.

Waɗannan jeri ba malamarsa ce ta ƙirƙiro su ba. Wani masanin ilimi ɗan Amurka, Edward Dolch, ya tattara kalmomi 220 da suka fi yawan fitowa a littattafan yara a shekarar 1936, tsarin koyar da karatu ta sautin baƙaƙe mai suna Jolly Phonics da makarantunmu da dama suke bi kuma yana da nasa jerin na kalmomi 72 masu wuyar sha'ani. An ware na Dolch ne saboda yawan fitowarsu, na Jolly Phonics kuwa domin yawancinsu rubutunsu bai dace da furucinsu ba. Sai dai kuma ba duka kalmar ce ke da matsala ba, kuma wannan ne abin da iyaye suka fi mantawa. A cikin "said", baƙin farko da na ƙarshe suna fita yadda aka koya masa, wasulan tsakiya ne kawai suka saɓa. Ki bar shi ya furta abin da ya sani da kansa, ki ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin da ya saɓa, ki ce masa wannan ne kaɗai za a riƙe da ka. Daga nan ya rubuta kalmar da alli a daɓen siminti ko da yatsa a cikin yashi yana faɗinta, ya kuma nemo ta a shafin littafinsa. A ganina kalmomi goma a zama ɗaya sun yi yawa ga ɗan shekara shida. Uku sun isa, cikin minti goma, a riƙa dawo da na jiya kafin a ƙara sababbi.

Baban Ummi:
Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in ƙara abin da na gani a gidana. 'Yata ta fara iya karatun Hausa kafin Turanci, kuma a bokon Hausa abin da aka rubuta shi ake furtawa, shi ya sa yaron da ya iya ba, be, bi, bo, bu yake iya lalubo kusan kowace kalma. Da ta ga "come" sai ta karanta farkonta kamar farkon "cokali", ta kuma furta wasalin ƙarshe, "one" kuwa ta raba ta gaɓa biyu. Ban ɗauki wannan a matsayin kuskure ba, domin ƙa'idar da ta sani ta bi. Na gaya mata a fili cewa Turanci yana da kalmomin da ba sa bin doka, na kuma fassara mata ma'anar kowacce da Hausa, saboda yaro ba ya riƙe abin da bai san amfaninsa ba. Wahalar ita ce "the", wadda ba ta da fassara guda a Hausa, sai a cikin jimla ta fahimce ta.

Hajiya Kaka:
Ni kam ban ga aibin hadda ba, da ita muka yi karatu, muka kuma koyar da 'ya'yanmu. Abin da nake ja a kai shi ne lokacin, 'yata. Yaron da ya wuni a boko, ya wuce Islamiyya, bayan magariba barci ne a idonsa. Ki gwada da safe kafin ya karya, ko ranar Asabar da hantsi.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi gwajin kwalin da kalmomi ashirin na makonni biyun da suka wuce, bakwai kawai ya gane, kuma "was" da "saw" yana musanya su. Na mayar da zaman zuwa safiya kamar yadda Hajiya ta ce. Malama, waɗannan biyun in haɗa masa su a rana ɗaya ya ga bambancinsu, ko in raba su?

Malamar Aji Biyu:
Ki raba su tukuna. Ya riƙe "was" har tsawon mako guda, yana ɗora yatsa a kan baƙin farko daga hagu kafin ya buɗe baki, domin yaron da yake karatun Larabci daga dama a Islamiyya yakan buƙaci a tuna masa ta inda boko yake farawa. Idan ta zauna masa, sai ki ajiye su gefe da gefe.