Jel mai 3D na renon bakteriya: raini aka yi mana ko da'awar ce ba ta tsaya ba?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa ko da wasu za su ji haushi. Wasu matasan masu bincike na nan jiharmu sun haɗa jel na renon bakteriya da aljinet (sinadarin da ake samu daga ciyawar teku), mai 3D, wanda ƙwayoyin ke girma a cikinsa maimakon su tsaya a sama kamar yadda aka saba a farantin aga, wato jel ɗin da aka saba renon bakteriya a kansa a lab. Sun samu takardar fatent, wato shaidar mallakar ƙirƙira, a nan gida. Da suka kai wata ƙasar waje, mai tantancewa ya dawo musu da amsa cewa abin ba sabo ba ne, kuma wai 3D ɗin ba ta fayyace komai ba. Da'awarsu ta farko, wato abin da suka rubuta suna neman fatent ya kare musu, yadda aka karanta mini, ita ce matattarar renon ƙananan halittu mai ɗauke da jel mai 3D da abincin ƙwayoyin a ciki. To me ya rage? Gida ya amince, waje ya ƙi. Ni dai na ce raini ne. Da daga wata jami'ar Turai takardar ta fito, da tuni an buga mata hatimi.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Malam, wagga 3D da kake taƙama da ita, ita ce ta kashe su. Wane jel ne ba shi da tsawo da faɗi da zurfi? Ka tuna renon zubi da anka koya wa kowa tun aji ɗaya. Ka sa mililita 1 na samfur a faranti, ka narkar da aga mai giram 15 a lita, ka bari ta huce zuwa digiri 45, ka zuba mililita 15 zuwa 20 a kai, ka juya farantin a hankali, ka bari ta sandare, ka kife shi cikin inkibeta a digiri 37. Bayan awa 24 zuwa 48 ɗaga shi ga haske. Tarin ƙwayoyin da ke sama za su baje, waɗanda ke ciki za ka gan su ƙanana, masu tsini gefe biyu kamar ƙwayar riɗi, wasu sama wasu ƙasa. Ga jel, ga abinci a ciki, ga bakteriya na girma a cikin zurfinsa. Duk abin da da'awar ta lissafa yana cikin wannan faranti. Mai tantancewa bai ma wahala ba.

Injiniyan Sinadarai, Talata Mafara:
Allah ya gafarta Malam, ka san ba wannan ake nufi da 3D a wannan fanni ba, kana dai so ka kare agarka ne. A aga mai kashi 1.5 cikin ɗari ramukan jel ɗin ba su kai maikuromita ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) ba, bakteriya kuwa ta kai haka ko ta fi. Saboda haka a renon zubi ƙwayar a ɗaure take, ba ta motsi, tana rabuwa ne tana tura jel ɗin da ƙarfi, shi ya sa take fitowa da wannan siffar da ka faɗa. Matattara mai 3D ta gaskiya tana da ramuka masu faɗin gomman maikuromita, a haɗe da juna, yadda ƙwaya za ta ratsa, ta manne a bango, abinci ya shiga, ƙazanta ta fita. Ana samun su ta hanyar daskarar da jel ɗin a busar da shi cikin injin tsotse iska, ko a cakuɗa shi da ƙwayoyin gishiri sannan a wanke su su bar gurbi. Abu biyu ne daban.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
In motsi kake so, rage aga zuwa kashi 0.3 ko 0.4, ka zuba a kwalbar gwaji, ka soka allura tsaye. Mai motsi za ta bazu ta gurɓata kwalbar duka, marar motsi ta tsaya kan layin allura. Wannan gwaji ya girme ni da kai. Shi ba 3D ba ne?

Injiniyan Sinadarai, Talata Mafara:
Wannan ruwa-ruwa ne, ba gini ba. Karkata kwalbar ka gani.

Hajiya Mai Gwajin Ruwa, Argungu:
Ku biyun nan kuna ta ja-in-ja kan rami, kun bar abin da ke kashe irin wannan aiki, wato iska. Idan ƙwayoyi suka yi yawa a cikin jel, oksijin ba ya wuce 'yan ɗaruruwan maikuromita daga baki, na waje ne ke shanye shi. Ɗauki dunƙulen aljinet da aka saba yi: sodiyam aljinet kashi 2, a ɗiga shi da sirinji cikin ruwan kalsiyam kuloraid mai ƙarfin 0.1 mola, a bar shi kamar minti 30 ya yi tauri. Dunƙulen zai fito milimita 2 zuwa 3. Reni mai son iska a ciki, ka yanka shi biyu da reza, za ka ga baki ya yi fari fat da ƙwayoyi, tsakiya kusan wayam. To ina amfanin zurfin? A takarda 3D ne, a aiki ɓawo ne kawai ke raye. Ga kuma matsalar fosfet. Yawancin ruwan da muke tsarma samfur da shi akwai fosfet a ciki, shi kuma yana janye kalsiyam ɗin da ke riƙe da jel, sai ka wayi gari dunƙulen ya yi laushi ya fara narkewa. Ni 3D a wurina kalmar talla ce, Injiniya ka yi haƙuri.

Injiniyan Sinadarai, Talata Mafara:
Hajiya, ai kin taimake ni ba ki sani ba. Abin da kika kwatanta jel ne marar buɗaɗɗun ramuka. Ɗigawa cikin kalsiyam kuloraid yana sa waje ya fi ciki tauri saboda daga waje kalsiyam ke shiga. Mai son jel mai daidaito garin kalsiyam kabonet yake barbaɗawa a cikin aljinet ɗin, ya ƙara sinadarin da ke sakin tsami sannu a hankali, sai kalsiyam ya fito ko'ina lokaci guda. Narkewar da kike kira aibi kuwa, ita ce falalarsa: sodiyam sitiret kaɗan ya narkar da jel ɗin ka kwashe ƙwayoyinka da rai ka ƙirga. Gwada wannan da aga, wadda sai ta kai wajen digiri 85 take narkewa. Gawa za ka kwasa.

Barista, Gusau:
Ranku ya daɗe, ku ba ni dama. Duk abin da Injiniya ya faɗa mai yiwuwa gaskiya ne, amma mai tantancewa ba ya karanta abin da ke zuciyar mai ƙirƙira, abin da aka rubuta a da'awa yake aunawa, kuma yana ɗaukar kalma da faɗinta. An rubuta jel mai 3D, an yi shiru. Ba a ce ramuka masu faɗi kaza ba, ba a ce a haɗe suke ba, ba a ambaci kashin aljinet ko abin da ya ɗaure shi ba. Da'awa irin wannan ta rungumi farantin Malamin Lab, kuma duk da'awar da ta rungumi tsohon abu ta faɗi.

Sai batun takardar gida, wanda ya fi damuna don mutane da yawa na ruɗuwa a nan. Dokar fatent ta Najeriya ta 1970 ta ce abu sai ya kasance sabo, ya fito daga ƙoƙarin ƙirƙira, kuma ana iya amfani da shi a masana'antu. Amma sashe na 4 ya taƙaita aikin magatakarda ga duba cikar takardu: an cika fom, an biya kuɗi, ga bayani, ga da'awa. Ba a ɗora masa binciken ko abin sabo ne ba. Dokar da kanta ta ce ana bayar da fatent ne ba tare da lamunin ingancinsa ba, in an samu matsala ta mai shi ce. Wa'adinsa shekara 20 daga ranar shigar da takarda muddin ana biyan kuɗin shekara-shekara, kuma Babbar Kotun Tarayya na iya soke shi in wani ya kawo hujjar cewa ba sabo ba ne. Don haka cewa gida ya amince waje ya ƙi ba ta taso ba. Tambayar da aka yi musu a waje, a gida ba a yi ta ba.

Ɗan Jega:
Barista kai kullum kana bayan Turawa. Wato takardar ƙasarmu ba ta da daraja ke nan?

Barista, Gusau:
Ban ce haka ba, ƙanena. Tana kafa ranar da ka riga kowa, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar Faris kana da wata 12 daga wannan rana ka shigar a wasu ƙasashe da ita. Najeriya ta shiga yarjejeniyar PCT, ta haɗin gwiwar ƙasashe kan neman fatent, a 2005, ta nan ana samun rahoton bincike na duniya kafin ka kashe kuɗi ƙasa-ƙasa, kuma yawanci kana da har wata 30. Amsar farko ta ƙin amincewa ma ba ƙarshen magana ba ce. A Amurka, misali, ana ba da wata 3 a mayar da martani, ana iya ƙarawa zuwa 6 da biyan kuɗi. Gyaran shi ne a matse da'awar: faɗin rami daga kaza zuwa kaza, kashin aljinet, hanyar ɗaurewa, sannan a nuna sakamakon da gwani ba zai yi tsammani ba. Sharaɗi ɗaya ne mai zafi, ba a ƙara sabon abu. In ba su rubuta ma'aunin ramukan a bayanin farko ba, ba za su iya cusa shi yanzu ba.

Dakta, Ƙauran Namoda:
Ko sun matse ma akwai aiki gabansu. Kulle ƙwayoyin halitta cikin kalsiyam aljinet ana yin sa tun shekarun 1970, yis da bakteriya duka. A 2002 an wallafa aikin renon ƙwayoyin da suka ƙi girma a faranti ta hanyar rufe kowace ɗaya cikin ɗigon jel na agaros. Mai tantancewa zai ɗauko wannan ya haɗa da wancan ya ce duk gwani zai iya hango haɗin. Ni a ganina ma da jelan gam, wani madadin aga, suka yi da ya fi, ya fi aga haske, yana jure zafi, ana amfani da shi wajen renon masu son zafi.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Dakta ka shigo da naka tallan. Jelan gam ɗin da sai da magniziyam ko kalsiyam yake kamawa, in gishirin abincin ya yi yawa ya sandare maka tun a kwalba kafin ka zuba? Aga tun farkon shekarun 1880 take aiki, lokacin da Fanny Hesse ta ba da shawararta a madadin jelatin ga masu aiki da Robert Koch, Petri ya kawo farantinsa a 1887. Har yau ba a ture ta ba. Mi ya sa? Yawancin bakteriya ba su cin ta, kuma ba ta narkewa a digiri 37. Jelatin kam a zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu ko inkibeta ba sai ka kunna ba, kan tebur zai zama ruwa.

Hajiya Mai Gwajin Ruwa, Argungu:
Amma Malam digiri 45 da ka ce, a lokacin hunturu kafin ka gama faranti na uku ta fara gudaji. A ajiye ta a 48 zuwa 50 cikin ruwan ɗumi.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
A 50 kina raunana ƙwayoyin da sunka riga sunka wahala, irin na ruwan da anka sa wa kulorin, ƙirgarki ta faɗi ƙasa ki ce ruwa mai kyau ne. Yi min uzuri Hajiya, wanga ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya Mai Gwajin Ruwa, Argungu:
Wa ya ce maka da zubi kaɗai ake gwada ruwan sha? Ana tacewa ma da matata mai ramin maikuromita 0.45, a ɗora ta kan faranti. Ka tsaya kan fitsari da jini, ka bar mana ruwa.

Ɗan Yauri:
Ni tambayata, me ya hana a yi da sitacin rogo a huta da sayen aga da dala?

Dakta, Ƙauran Namoda:
Amilas, sinadarin da ke narkar da sitaci, shi ne ya hana. Bakteriyar Basilus da ire-irenta za su narkar da sitacin su cinye, faranti ya koma ruwa a kewayensu. Ga shi ba ya da haske, ba ka ganin abin ƙirgawa.

Injiniyan Sinadarai, Talata Mafara:
Tunda an koma lissafin aibi, a faɗa wa yaran kada su dafa aljinet a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15 kamar aga. Zafin yana tsinka sarƙarsa, kaurin ya ragu, jel ya fito da rauni. A tace shi yana tsarme, ko a sassauta zafin. In ma'aunin da za su kai wa mai tantancewa daga dafaffen aljinet ya fito, wani ba zai maimaita ya samu iri ɗaya ba.

Barista, Gusau:
Akwai abin da ba wanda ya tambaya. Sun gabatar da aikin a taro, ko kundin digiri ya shiga laburare ko intanet, kafin ranar shigar da takarda? A Turai wannan kaɗai ya isa ya kashe sabunta, ko da bakinka ne ya faɗa. Amurka kuwa tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara ɗaya. Ɗan Jega, turo mana takardar mai tantancewar mu ga abin da ya kafa hujja da shi.

Ɗan Jega:
Ba ta hannuna, labari aka ba ni. Amma abin mamaki, na kawo kukan an raina 'yan'uwanmu, kun ɓige da digiri 45 da rogo. Ba wanda ya ce komai kan rainin.

Malamin Lab, Birnin Kebbi:
Lauyoyi ne sunka karkatar da zancen, su da ba su taɓa riƙe fifet, bututun ɗibar ruwa na lab, ba.

Barista, Gusau:
Haka ne Malam. Ku kuma masu riƙe fifet ɗin ku ne ke rubuta da'awa layi ɗaya sannan ku zo ofishinmu da kuka.

Shugaban Zaure:
To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Abin da aka cimma shi ne, kamar yadda Malamin Lab ya tabbatar, renon zubi a aga ya riga ya ƙunshi duk abin da ake kira 3D, kuma Hajiya ta nuna cewa zurfin ba shi da amfani saboda iska. Dakta ya nuna aljinet tsohon abu ne. Aga dai ita ce abin dogaro, mu da muka daɗe a lab mun san haka. Barista ya yi wasu bayanai na doka, mai buƙata ya neme shi a gefe. Maganar digiri kuwa 45 ne. An rufe wannan batu.

Injiniyan Sinadarai, Talata Mafara:
Ranka ya daɗe Shugaba, ba a cimma wannan ba. Hajiya dunƙule marar rami ta kwatanta, kuma har yanzu ba wanda ya nuna mini aga mai kashi 1.5 da bakteriya ke ratsawa. A rubuta cewa ban amince ba.

Hajiya Mai Gwajin Ruwa, Argungu:
Ni ma a rubuta 48.