Wace kalma za mu sa wa "mentor"? Rahotona zai fita ƙarfe 4

Tafinta: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara rahoton rediyo kan malaman makaranta a Amurka. Akwai shiri a Jami'ar Clemson da ke Karolina ta Kudu, tun 2000 suke ɗaukar samari, akasari baƙaƙen fata, su horar da su koyarwa a firamare, kowane ɗaya a haɗa shi da "mentor". Wannan kalmar ta tsaya min a wuya. Sai kuma "equity" da "educators of color". Edita na jira.

Bakanon Bronx: Ubangida.

'Yar Damagaram: Haba yaya. Mai sauraro zai ɗauka yaron ɗan siyasa ne mai riƙe jaka. Jagora ya fi. Na ƙarshen kuma don Allah kada ka ce "malamai masu launi", za a zaci fenti aka shafa musu.

Tafinta: Na so in sa baƙaƙen fata kawai.

Bakanon Bronx: Bai isa ba. A nan kalmar ta haɗa da 'yan asalin Latin Amurka da Asiya da 'yan asalin ƙasar na farko. Kuma kada ka ce tsiraru ba tare da bayani ba. Malamai kusan 8 cikin 10 farare ne, amma ɗaliban makarantun gwamnati fiye da rabi ba farare ba ne. A makarantar ɗiyata, baƙin namiji ɗaya ne tak yake koyarwa, kuma duk yaron da ya yi rashin ji ajinsa ake turawa, ko da ba ɗalibinsa ba ne. Irin wannan nauyin ne ke korar su daga aikin.

Tsohon Malami: Ku dakata, yara. Jagora na makaho ne, shi ke riƙe masa sanda. Kalmar da ta dace ita ce mariƙi, aikin kuma riƙo. Ku duba asali: a tatsuniyar Girkawa, Mentor mutum ne da sarki ya bar wa amanar ɗansa lokacin da sarkin zai tafi yaƙi. In ba mariƙi ba, mene ne wannan? Shekara da shekaru ina faɗa, ba mai ji.

'Yar Damagaram: Ranka ya daɗe, to shi malamin da ake riƙo fa, ɗan riƙo za mu ce? Mutum da gemunsa da digirinsa? Kuma kowa ya san abin da ke zuwa zuciya in an ce 'yar riƙo: wanke-wanke da kwana da yunwa.

Tsohon Malami: Wannan laifin mariƙan banza ne, ba na kalma ba. Ku da kuke ce wa malami mushe, makaranta lakwal, ku ne za ku gyara mana Hausa?

'Yar Damagaram: Baba, ku kuma da sakandare da firamare da kwaleji fa? A Kano aka haife su?

Bakanon Bronx: Ni dai a daina jawo Kano.

Tafinta: Jama'a, saura minti 50. "Equity" fa? Daidaito?

Bakanon Bronx: A'a, daidaito shi ne raba wa kowa iri ɗaya. Masu wannan magana cewa suke a duba inda aka bar mutum a baya. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantun farare da baƙaƙe, an rufe makarantun baƙaƙe da yawa a kudu, dubban malamansu da shugabannin makarantu suka rasa aiki. Wannan giɓin ake son cikewa. Adalci ya fi kusa.

Tsohon Malami: Adalci Larabci ne. Kuma yana kai hankali kotu.

'Yar Damagaram: Malami ma Larabci ne, Baba, ga shi a sunanka.

Tsohon Malami: Ba zan biye miki ba. Abin da na sani, jagora gaba yake shiga, a bi shi. Wanda kuke nufi kuwa zama yake a bayan aji yana kallon sabon malami, in an tashi ya ce masa ga inda ka yi sauri, ga yaron da ka manta a lungu. Haka wani dattijo ya yi min a shekarata ta farko, har alli yake ajiye min a aljihunsa.

Tafinta: Wannan bayanin zan ara, Malam. Na rubuta: "gogaggen malami da ke yi wa sabo jagora a bakin aiki", da "malaman da ba fararen fata ba", da "adalci, wato bai wa kowa gwargwadon buƙatarsa". Ya yi tsawo, amma na aika.

Tsohon Malami: Kalma goma sha ɗaya a inda ɗaya ta isa. Allah ya ba da sa'a. Ni dai a littafina mariƙi na rubuta.