Yaya kuka koya wa dawakinku tafiyar gefe?

Mai Akawali, Zariya: Salamu alaikum mahaya. Akawalina, wato baƙin dokina, ɗan shekara 4 ne, kilisa da sukuwa duk lafiya lau. Amma da na matsa masa ƙafa ɗaya don ya gusa gefe, sai ya zabura gaba. A hawan sallar bara saura ƙiris ya taka yara a bakin hanya, abin har yau yana cina. Waɗanda suka sha wannan, ku taimaka.

Tsohon muri (mai kula da dawaki), Kano: Ɗana, sauko tukuna. Ni a ƙasa nake farawa. Riƙe ragama, ka danna masa yatsa kaɗan bayan majanyi, wato ɗamarar sirdi, daidai inda ƙafarka ke sauka. Yana ɗaga ƙafar baya ya gicciya ta, ko da taku ɗaya ne, cire hannunka nan take ka shafa wuyansa. Sakin nan shi ne karatun. Na taɓa lalata wani kili da ƙaimi ina saurayi, ya koma harbi da zarar ya ji ƙafa, sai da na shafe wata 3 kafin ya sake yarda da ni.

Mai Akawali: To Baba, in na hau fa?

Tsohon muri: Fuskantar da shi katanga don kada ya sami hanyar gaba. Taku biyu, ka bar shi ya huta.

Ɗan folo, Katsina: Katanga ta yi mini aiki, amma na daɗe a kanta har godiyata ta fara tirjiya. Da na koma fili tana cikin tafiya, gaba da gefe lokaci guda, sai ta saki jiki. A wasanmu na folo, wato ƙwallon dawaki, dokin da bai iya wannan ba ba zai ture abokin karawa daga layin ƙwallo ba. Kuskurena shi ne jan linzami: wuya ya lanƙwashe, kafaɗa ta fice, ƙafafun baya ko motsi. Kuma linzamin gargajiya yana da zafi, na canza mara kaifi don horo.

Hajiya mai godiya, Maraɗi: Tawa tana zuwa dama cikin sauƙi, hagu kuwa sai rigima. Ashe ni ce ke zama a karkace, nauyina duk a likkafa ɗaya. Ƙanena ne ya tsaya a baya ya gano. Malam, sa wani ya duba zamanka a sirdi.

Mai Akawali: Na gode ƙwarai. Gobe da asuba zan fara daga ƙasa, in sha Allahu.