Neman shawara: threat, menace ko danger, wanne zan sa a wasiƙar kwazazzabon unguwarmu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min kafin Litinin. Kwazazzabon bayan unguwarmu ya ci ƙasa har saura taku 15 ya iso katangar gidaje huɗu na ƙarshen layi, ga damina ta ƙarato. Bara an jera buhunan yashi, ruwan farko ya tafi da su. An dasa itatuwa, awaki suka cinye. An yi karo-karo sau biyu, kuɗin bai kai na tifa goma ta dutse ba. Yanzu kwamitin unguwa ya ɗora min rubuta wasiƙar Turanci zuwa ga hukuma. Ga abin da na sa: "The gully is a menace and our houses are dangerous. Eminent collapse is looming us." Wani ya duba ya ce akwai gyara, bai nuna min wurin ba. So nake duk wanda ya karanta gabansa ya faɗi. Wace kalma ce ta fi ƙarfi?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar ƙarfi, gyara "our houses are dangerous" tukuna, don ita ce za ta iya jawo muku abin da ba ku nema ba. Dangerous na nufin abin da yake cutar da wasu. Ka ce wa hukuma gidajenku ne haɗarin ke nan, kamar kana kiran a zo a rushe su. Wanda haɗari ya ritsa da shi "in danger" yake, ko "at risk".

Eminent kuma fitaccen mutum ake kira da ita, kamar babban malami. Wadda kake nema imminent ce, da i a farko da m biyu, abin da ke dab da faruwa. Sai loom: ba ta ɗaukar wanda abin zai faɗa wa kai tsaye, sai an sa "over" a tsakani, ko a bar ta ita kaɗai, "disaster is looming". Ka tuna hadari idan ya haɗo daga gabas, ana ganin duhunsa ya tokare sama amma ba a san sa'ar da zai sauke ba, to wannan shi ne loom. Imminent kuwa iska ta riga ta kaɗa, yayyafi ya fara. Kada ka haɗa su a jimla ɗaya. Rubuta haka: "The gully poses a serious threat to four houses, which are now at risk of collapse." Lura, "threat to" na bin wanda za a cuta, "threat of" na bin cutarwar kanta, kamar "threat of flooding".

Mai tambaya:
Na gode Malam, na karɓi imminent. Amma menace ba ni na ƙirƙiro ta ba, kullum ina ganinta a jaridu, har "erosion menace" suke rubutawa. Threat ta yi min sanyi.

Tsohon ɗan jarida:
Ai abin da ya kashe ta ke nan. Jaridunmu sun tatse menace har ta zama ruwa: shaye-shaye menace, bara menace, leda menace, ɓeraye menace. Yaran da ke rubutu yanzu kwafar kanun juna kawai suke yi, editoci kuma ba sa jan biro a kai. Menace ta fi dacewa da abin da ya addabi jama'a yana ta maimaituwa. Bature ma yakan kira yaro mai ƙiriniya "a little menace". Ni dai a kanun wasiƙa "looming disaster" zan sa, ta fi kama ido.

Injiniya:
Ku yi haƙuri, wanda zai karanta wasiƙar nan awo yake nema. A aikinmu hazard shi ne abin da zai iya cutarwa, wato kwazazzabon kansa. Risk kuwa yiwuwar cutarwar ce da girmanta. Ka bar maganar taku, ka sa tef ka auna da mita: zurfi, faɗi, tazara zuwa katanga mafi kusa, da yawan ƙasar da ya ci daminar bara. Ka faɗi yawan mutanen da ke kwana a gidajen, ka haɗa hotuna masu kwanan wata. Idan ka rubuta imminent, wanda aka turo zai zo neman katanga da ta tsage ko harsashin gini da ya fito fili. In bai gani ba, sauran maganarka ma ta rage daraja. Impending ta fi aminci. Kuma a faɗi gaskiya, mu ne muke cika magudana da shara, mu yanka fili a kan hanyar ruwa, ruwan ya rasa mafita ya koma cin gefe.

Malamin Turanci:
Injiniya, na yarda da awo, ban yarda da impending ba. Abokan tafiyarta doom da disaster ne, tana da ƙamshin adabi, haka ma peril. Jeopardy ta fi zama da aiki ko shiri ko makomar mutum. Ominous alama take siffantawa, "ominous cracks" idan akwai tsaga a bango. "At risk of collapse" ta wadatar, babu ƙari babu ragi. Ɗan'uwa, da me ka rufe wasiƙar?

Mai tambaya:
"We warn you to act before it is too late." Dattawan kwamiti ne suka ce a nuna ba wasa muke ba.

Malamin Turanci:
Cire ta yau. "We warn you" kashedi ne, na sama ke yi wa na ƙasa, jami'i zai ɗauke ta barazana. Kana iya yin "warn of" wani haɗari, wannan gargaɗi ne, amma roƙon hukuma "we urge you" ne ko "we appeal to you".

Wata 'yar'uwa:
Yaya, har yanzu ba ka ce wace hukuma ba, ƙaramar hukuma ko ma'aikatar muhalli? Kuma mai unguwa ya sa hannu? Wasiƙar da ba ta bi ta hannunsa ba takan daɗe a tire ko da wane Turanci aka rubuta ta.

Mai tambaya:
Zan sa "we urge you", amma dattawa za su ce na sassauta. Menace kuma shugaban kwamiti ya riga ya gani ya yaba, a kanu zan bar ta. "Menace to our community" ake cewa ko "menace for"? Katanga ɗaya ce kawai ta tsage, ita ma tun kafin ramin ya matso. Imminent ɗin ta tsaya ko in cire?