Wane irin mutum ya dace ya shugabanci hukumar kula da wutar lantarki ta jiha?

Ɗan Fadama, Argungu:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka yi aiki a harkar wutar lantarki. Ni manomin shinkafa ne, kuma ina da ɗan injin casa a bakin kasuwa. Na karanta cewa tun da aka yi wa kundin tsarin mulki gyara a watan Maris na 2023, sannan Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki a watan Yuni na 2023, kowace jiha na da ikon kafa hukumarta ta kula da harkar wuta a cikin iyakokinta, har jihohi irin su Enugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar wannan iko daga NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, a 2024.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne abin da na gani a garin kakannina. Wani kamfani ya kafa ƙaramar tashar sola a can, aka ja waya zuwa gidaje da shaguna, mai niƙa ya ajiye injin dizal ɗinsa, masu sayar da ruwan sanyi suka samu abin yi. Da batiran suka fara rauni sai wutar ta riƙa ɗaukewa tun kafin sallar isha'i, kuɗin kuma bai ragu ba, mutanen gari suka rasa wurin kai kuka in ban da gidan mai gari, shi kuwa ba shi da ikon da zai tilasta wa kamfanin komai. Mu nan fadama, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane manomin rani yana lissafin yadda zai rabu da injin ban ruwa mai shan fetur ya koma na sola. To, idan jiha irin tamu ta riƙe wannan iko, su wane ne ya kamata su hau manyan kujerun hukumar, mene ne ainihin aikinsu, kuma ina ruwansu da maganar rage hayaƙi mai ɗumama duniya da ake ta yi?

Tsohon Injiniya, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma labarin garin kakanninka ya ƙunshi rabin amsar. Hukumar kula da harkar wuta ba ta kafa turke, ba ta sayen taransifoma, ba ta sayar da ko yunit ɗaya. Alƙali ce tsakanin ɓangarori uku da kowanne ke jan igiya zuwa wajensa: mai zuba jari yana son kuɗinsa su dawo da riba, mai amfani da wuta yana son ta wadata kuma da sauƙi, gwamnati kuma tana son yabo ba tare da ɓacin ran masu zaɓe ba. Wanda zai shugabance ta sai ya kasance mutumin da zai iya ɓata wa dukkan ukun rai a rana ɗaya idan lissafi da doka sun ce a yi haka.

Mu ɗauki NERC a matsayin madubi. An kafa ta ne bisa dokar gyaran harkar wuta ta 2005, tana da kwamishinoni 7 har da shugaba da mataimakinsa, shugaban ƙasa ke gabatar da su, majalisar dattawa ta tantance, kuma suna da wa'adi a rubuce. An raba musu fannoni: akwai mai kula da doka da ba da lasisi, akwai mai kula da farashi da gasar kasuwa, akwai na aikin injiniya da ingancin kayan aiki, akwai na koke-koken masu amfani da wuta. Ka lura kuma cewa ba injiniyoyi kaɗai suka shugabance ta ba. Dakta Sam Amadi, wanda ya riƙe ta daga 2010 zuwa 2015, lauya ne, Farfesa James Momoh da Sanusi Garba da suka zo daga baya kuma injiniyoyi ne. Ni injiniya ne, na kuma ƙare ƙuruciyata a gindin turke, amma in faɗa maka gaskiya, kujerar da ta fi kowace nauyi ita ce ta farashi.

Ga yadda aikin yake. Kamfani zai kawo takardunsa ya ce ga abin da na kashe a kan kayan aiki, ga albashi, ga kuɗin wutar da na saya daga tashoshi, ga wadda ta ɓace a kan waya ko aka sace ko aka ƙi biya, saboda haka a bar ni in sayar da yunit a kan kaza. Aikin hukuma shi ne ta bi waɗannan lambobi ɗaya bayan ɗaya, ta tura mutum ya je ya ga ko taransifomar da aka rubuta an saya tana nan a kan dakalinta, ta kuma yanke yawan asarar da za a yarda a ɗora wa mai biyan kuɗi da wadda kamfani zai ɗauka saboda sakacinsa. Shugaban da bai iya karanta irin wannan lissafi ba, abin da aka miƙo masa zai sa wa hannu. Kowa ya tuna watan Afrilu na 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit bisa sharaɗin za a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana. Sanar da farashin aikin yini ɗaya ne. Bin kowane layi a tabbatar an cika awa 20 ɗin, a kuma sauke layin da ya gaza zuwa rukunin ƙasa, shi ne aikin da ke nuna ko hukuma na da haƙora.

Maganar hayaƙi kuwa ta nan take shigowa. Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, wato kada wanda take fitarwa ya wuce wanda ake zuƙewa daga iska, an kuma yi dokar sauyin yanayi a shekarar. Amma a wurinmu hayaƙin yana fitowa ne daga janareton shago da injin casa da injin ban ruwa irin naka. Ba wanda zai kawo miliyoyinsa ya shimfiɗa faifan sola da batir a Suru ko Bagudo sai ya tabbata cewa farashin da aka amince masa yau ba za a soke shi da wayar tarho ɗaya daga gidan gwamnati ba. Saboda haka nake cewa a duba abu biyu a dokar jiha kafin a duba sunan kowa: shin gwamna zai iya tsige shugaban hukuma ba tare da dalilin da doka ta ambata ba, kuma shin hukumar za ta ci gashin kanta daga kuɗin lasisi da harajin da doka ta ba ta ko kuwa sai ta je roƙon kuɗin fetur a ma'aikatar kuɗi?

Malama daga Yauri:

Baba Injiniya, Allah ya ƙara girma. Na amfana da bayaninka, sai dai ina so in ƙara wata kujera da ake yawan mayarwa ta ado, wato ta jama'a. Mu mutanen Yauri mun san wutar da ba ta hayaƙi tun kafin a fara kiranta da wannan suna. Madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ruwa ne ke juya ta, ba gas ba, ba dizal ba, amma tafkinta ya ci garuruwa da tsibirai da gonakin dubban mutane a ƙasar Yauri da Borgu. Kakata har ta rasu tana nuna mana tsakiyar ruwa tana cewa ga inda rumbunansu suke. Sai bayan shekaru masu yawa aka kafa hukumar HYPPADEC domin yankunan da madatsun ruwa suka shafa, Kebbi na ciki.

Tashar sola ma fili take ci, kuma filin nan gonar wani ce ko burtalin makiyaya. Idan kwamishinan da ke kula da al'amuran jama'a bai taɓa zama a kan tabarma a ƙofar gidan hakimi ana rabon diyya ba, ba zai gane inda rigima ke tsirowa ba. Ina ganin wajibi ne a rubuta a doka cewa duk zaman jin ra'ayi a kan farashi za a yi shi da Hausa da sauran harsunan jihar, a garuruwa irin su Zuru da Yauri da Kamba, ba a ɗakin taron otal a babban birni kaɗai ba, kuma a samu mace a cikin kwamishinonin. Mata ne ke niƙa, su ne ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, su ne kuma ke shaƙar hayaƙin itace a madafa, don haka sun fi kowa sanin abin da awa biyu na wuta da yamma ke nufi.

Mai Lissafi, Gusau:

Da izinin Baba da Malama, ni ina da ja a kan tushen maganar. Kafin mu tambayi wa zai hau kujera, mu tambayi ko kasuwar za ta iya ɗaukar nauyin kujerun. Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kaduna kamfanin rarraba wuta ɗaya ke hidima da su. Idan kowace jiha ta kafa cikakkiyar hukuma da kwamishinoni da motoci da ofisoshi, daga aljihun mai biyan kuɗin wuta za a ɗauki nauyinsu, kuma mutanen da suka ƙware a lissafin farashin wuta a ƙasar nan ba su da yawa. Abin da nake tsoro shi ne a mayar da kujerun ladan waɗanda suka faɗi zaɓen fid da gwani. Na fi son a fara da hukuma ƙarama, mutum uku ƙwararru da aka ɗauka ta hanyar tallata gurbi a fili da ganawa, ko da ɗaya daga cikinsu ba ɗan jihar ba ne, jihohin makwabta kuma su riƙa amfani da ƙa'idoji iri ɗaya domin kada mai zuba jari ya nemi izini kala huɗu a tafiyar yini guda.

Sannan shugaban ya san iyakar gonarsa. Layin 330kV da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, da layin da ke kai wuta Yamai, da sabon layin haɗin gwiwar Afirka ta Yamma da zai haɗa Birnin Kebbi da Nijar da Benin da Burkina Faso, duk ba na hukumar jiha ba ne. Gobarar da ta tashi a tashar Birnin Kebbi a watan Satumba na 2023 ta jefa jihohinmu uku, Kebbi da Sakkwato da Zamfara, cikin duhu, kuma ba wata hukumar jiha da za ta iya hana hakan. A 2025 hukumar Enugu ta rage farashin rukunin A zuwa naira 160, nan take gardama ta tashi a kan wanda zai cike giɓin kuɗin wutar da ake sayowa daga babban layin ƙasa, tunda wannan farashin ba a hannun jiha yake ba. Darasi ne da ya kamata duk mai neman kujerar ya nazarta.

A kan hayaƙi kuma, na yarda da Baba amma ina son a rubuta shi ƙarara. A Birtaniya, dokar makamashi ta 2023 ta ɗora wa hukumarsu Ofgem nauyin la'akari da burin ƙasar na daidaita hayaƙi nan da 2050 a cikin hukunce-hukuncenta. Idan dokar jiha ba ta faɗi irin wannan ba, shugaban da ya fifita sola a kan dizal ra'ayinsa kawai yake bi, wanda ya gaje shi kuma yana iya juyawa.

Ɗan Fadama, Argungu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Injiniya, saura abu ɗaya: mutanen garin kakannina, yanzu ina za su dosa da kukansu?

Tsohon Injiniya, Birnin Kebbi:

Ɗana, ku fara da takarda. NERC ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi a 2016 ta kuma sabunta su a 2023, kuma a cikinsu tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta wadatar mata, wadda ta wuce haka sai da izini. Ku nemi mai gari ya fito da yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kamfanin, ku duba awa nawa aka yi alkawari da kuma yadda aka ce za a sauya farashi. Ku sa wani yaro mai hankali ya riƙa rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta ɗauke har tsawon wata guda. Da wannan za ku rubuta wa kamfanin koke, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi, idan bai amsa ba ku kai gaban hukumar da ta yi masa rajista. In kuma tashar na cikin waɗanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta tallafa wa, ku aika mata kwafi ita ma, domin ita ce ke gudanar da shirin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2023, kuma kamfanin da ke neman sabon tallafi ba zai so a ga irin wannan takarda a fayil ɗinsa ba.

Mai Lissafi, na karɓi maganarka ta mutum uku, da sharaɗin kada wa'adinsu ya ƙare rana ɗaya, kuma kada ya zo daidai da na gwamna. Malama, idan an zo zaman jin ra'ayi a kan irin wannan doka a majalisar jiha, ki rubuto abin da kika faɗa a nan, ni zan raka ki mu miƙa shi tare.