Abin da aka tattauna kan girki mai sauri a gidan da aiki ya yi yawa

Jama'a, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda kayan miya ne ke cin lokaci. A markaɗa tumatir, tattasai, attaruhu da albasa ranar hutu, a tafasa har ruwan ya tsotse, a raba a ƙananan robobi. A nan aka rabu. Masu firji suka ce a daskarar. Waɗanda wuta ba ta zama a unguwarsu suka ce a soya da mai sosai, a riƙa ɗumamawa, kada ya wuce kwana biyu. Nan na fi karkata, don na taɓa zubar da roba guda da ta yi tsami, abin ya yi mini ciwo.

2. Alayyafo a zuba shi daga ƙarshe, kada ya dahu ya yi baƙi.

3. Wake a jiƙa tun dare. Kanwa kuwa an sha gardama: wasu na jefawa don ya nuna da wuri, wasu sun ce tana ɓata musu ciki.

4. Kek ba sai da obin ba. Yashi ko gishiri a gindin tukunya, a ɗora gwangwanin kek a kai, wuta ƙasa-ƙasa, a soka tsinke, in ya fito a bushe ya gasu.